Kwanon Naman Layya da Na Mayar

A Nima aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki 11 da famfo ɗaya. Iyayena Kiristoci ne da suka sauko Akra daga Bawku, sauran mutanen gidan kuwa kusan duk Musulmi. A ɗakin da ke kallon namu akwai wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin lungu, Mma muke ce mata. Ita take goya ni duk ranar da mahaifiyata ta tafi kasuwar Makola. Ƙannena da kuka shigo ƙungiyar matasan coci da zafinku, ku ji labarinta kafin ku ɗauki lasifika.

Ina da shekara 19 na ba da kaina ga Almasihu da gaske, kuma ban taɓa nadamar wannan ba. Sai dai na haddace Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, masu cewa ceto ta wurin Yesu ne kaɗai, na ɗauka da ayoyi biyu na gama sanin Allah da bayinsa. Muna fita wa'azin asuba, ni kuma da gangan nake kunna lasifika daidai lokacin da ladan ya fara kiran salla. Da Babbar Salla ta zo, Mma ta aiko jikarta da kwanon soyayyen nama kamar yadda ta saba. Na tsaya a bakin ƙofa, a gaban mutanen gida, na ce yarinyar ta mayar, mu ba ma cin abin da aka yanka wa gumaka. Mma na zaune a kujera 'yar tsugunne tana tsame nama daga mai. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi kwanon, ta rufe shi da faifai, ta tura ƙarƙashin benci.

Har yau akwai masu bi da lamirinsu bai yarda su ci naman layya ba, kuma ban ga laifinsu ba, don Bulus ma ya ba lamiri matsayinsa a 1 Korintiyawa sura 8 da 10. Nawa laifin ƙage ne. Matar da ba ta taɓa rusuna wa gunki ba, wadda take tunawa da biyayyar Ibrahim, ita na kira mai bautar gumaka. Shaidar zur ke nan, tana nan cikin Dokoki Goma.

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya kira ni, ya ce in buɗe Farawa 1:1. "Ɗana, wane suna ka gani?" Na ce Allah. Tun 1932 da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da wannan suna muke addu'a, kamar yadda masu fassarar Twi suka ɗauki Onyankopɔn, sunan da mutane suka sani tun kafin mishan su iso. A kan wannan magana marigayi Kwame Bediako, malamin tauhidin nan na Akropong, ya ƙarar da rayuwarsa: Allah ya riga 'yan mishan zuwa Afirka, kuma bishara ta tarar da mutanen da suka daɗe suna nemansa. Dattijon ya kai ni Ayyukan Manzanni 17, inda Bulus ya fara wa'azinsa a Atina da bagaden da aka rubuta wa allahn da ba a sani ba, har ya kawo maganar mawaƙansu. Bai zage su ba, bai kuma ɓoye tashin Yesu daga matattu ba, ko da yake wasu sun yi masa ba'a.

Daga nan na faɗa kuskure na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa don kama da kirki yake yi. Kunya ta sa na koma cewa duk addinai ɗaya ne. Na ji akwai masana irin su John Hick na Ingila da suke ganin manyan addinai hanyoyi ne daban-daban zuwa ga gaskiya guda, sai na rungume. Wata rana na faɗa wa wani malami tela a Maamobi haka, ina jiran ya yaba. Ya ajiye almakashi ya dube ni. "Yaro, kai ka ce an gicciye Annabi Isa, ni na ce ba a gicciye shi ba. In ka ce ɗaya ne, to ko ba ka san naka ba, ko ka raina nawa." Gaskiya ya faɗa. Akwai kuma masu bin Karl Rahner na Jamus, da suke cewa ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai, amma alherinsa yana iya kai wa mutumin da bai san sunansa ba, irin wannan mutum kuma suna kiransa Kiristan da bai san kansa ba. Wannan ya fi kusa da zuciyata, sai dai ba na son a kira maƙwabcina Kiristan da bai san kansa ba, yadda ni ma ba zan so a ce mini Musulmin da bai farga ba.

Inda na tsaya yau: na gaskata Yesu ne hanya, zan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Makomar wane da wance kuwa, ba a ba ni mabuɗinta ba. A ƙidayar 2021, Kiristoci kashi 71 cikin ɗari ne a Gana, Musulmi kusan kashi 20, amma a zango mu ne tsiraru, don haka mun ɗanɗana duka biyun. A 1965 Cocin Katolika ta rubuta a takardar Nostra Aetate cewa tana girmama Musulmi masu bauta wa Allah ɗaya. A 2019, yana cika shekara 100, Babban Limamin ƙasa Shaihu Osman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ya zauna. Ya fito da musuluncinsa, Fada kuma bai sauke gicciye don baƙo ba.

Saboda haka kafin ku ce Musulmi sun yarda da kaza, ku tambayi Musulmi. Ku je suna, ku je ta'aziyya, in sun tashi salla ku koma gefe ku yi shiru. Lasifika kuma ta jira a sallame.

Shekara 6 na yi ina wuce Mma da gaisuwar baki kafin na iya durƙusawa a gabanta. Na ce, "Mma, ki yafe mini maganar naman nan." Ta daɗe tana juya ƙosai a kasko, sannan ta ce, "Ai na yafe tun ranar, uwarka ce ta kwana tana kuka. Tashi ka ɗauko kofi, koko zai huce."