Laraba, 6 ga Nuwamba 2024: Baffa da ƙuri'arsa ta 1992

Garwa, arewacin Kamaru. Tun asuba kunnena na kan rediyo. Kafin in hau babur zuwa makaranta an ce a zaɓen shugaban Amurka Trump ya kwashe jihohin Georgia da Carolina ta Arewa, kafin azahar kuwa magana ta ƙare, ya haye. A hanya na yi kiciɓis da 'yan RDPC, jam'iyya mai mulki, cikin ankonsu mai hoton shugaba, sai a lokacin na tuna yau ce ranar da Paul Biya ya cika shekara 42 a kan mulki. Can ana sauya shugaba, nan ana bikin rashin sauyawa, duk a rana guda.

Darasin tarihi gare ni da 'yan ajin ƙarshe, amma ba wanda hankalinsa ke kan littafi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, duk faɗin Amurka mutum biyu ne kaɗai suka tsaya?" Na ce a'a. Akwai Jill Stein ta jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli, akwai Chase Oliver na Libertarian, akwai Robert Kennedy ƙarami da ya fito ba jam'iyya, ya janye a watan Agusta ya bi Trump. Ajin ya yi tsit, ba su taɓa jin sunayen ba. Sai na ajiye abin da na shirya na ɗauki alli.

Na nuna musu cewa a can ba jimillar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, duka 538, wanda ya tara 270 shi ya ci. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ƙuri'a guda ya fi, shi ke kwashe wakilanta kaf. Na biyu bai samu komai ba, balle na uku. Na rubuta musu 1992: Ross Perot, attajirin Texas, ya samu kusan kashi 19 cikin 100 na ƙuri'un Amurkawa, mutum sama da miliyan 19, amma ko wakili ɗaya bai samu ba, don babu jihar da ya zo na ɗaya. George Wallace a 1968 bai kai Perot yawan jama'a ba, amma da yake nasa a dunƙule suke a kudu ya ci jihohi 5 da wakilai 46. Tun daga shi babu wani na uku da ya sake cin jiha. Ƙararrawa ta katse ni a nan. Yau rabin wuni ne.

Bayan la'asar na leƙa gidan Baffa a Yelwa, don tun makon jiya ƙafarsa ke damunsa. Na tarar da shi a zaure da ƙaramar rediyonsa, ƙanena na haɗa shayi. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Bai bari na gama zama ba ya ce ya ji a labarai cewa a wani gari mai suna Dearborn a jihar Michigan, inda Larabawa da Musulmi suke da yawa, matar nan Stein ta samu kusan kashi 18, saboda haushin abin da ake yi a Gaza. Ƙanena ya ce ai waɗannan sun yi asarar ƙuri'arsu, sun gudu daga Kamala Harris ta jam'iyyar Democrat sun wayi gari da Trump. Baffa ya dube shi ya ce, "Kai yaro, maganar da aka yi mini ke nan tun ba a haife ka ba."

Na san inda za a je, don ba yau na fara jin labarin ba, amma yau ne kaɗai na lura da wani abu. A watan Oktoba na 1992 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai jam'iyyu da yawa a Kamaru. Sakamakon da hukuma ta bayar: Biya kusan kashi 40, John Fru Ndi na jam'iyyar adawa ta SDF kusan 36, Bello Bouba Maigari, ɗan Arewa, na jam'iyyar UNDP kashi 19. Bayan mako uku Amurka ta yi nata, Perot kashi 19. Shekara ɗaya, adadi ɗaya, dukansu na uku. Baffa dai Bello ya zaɓa, kamar akasarin mutanen unguwarmu a lokacin. Har gobe akwai masu cewa da Bello ya janye wa Fru Ndi da tarihin ƙasar nan ya canza, kamar yadda 'yan SDF ba su taɓa yarda cewa an kayar da su ba.

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, amma 36 da 19 ai sun haura rabi." Ya ce lissafin allo ke nan. Wa ya faɗa mini cewa duk wanda ya zaɓi Bello zai yarda ya zaɓi Fru Ndi, mutumin Bamenda? Wasu gida za su zauna, wasu ma Biya za su ba. A nan dole in ba shi gaskiya, don haka aka yi da Perot. 'Yan Republican sun daɗe suna cewa shi ya kayar da Bush babba, amma tambayoyin da aka yi wa masu fitowa daga rumfunan zaɓe sun nuna mutanensa sun kusan rabuwa biyu daidai tsakanin Bush da Clinton. Inda zargin ya fi kama jiki shi ne shekarar 2000: a Florida Bush ƙarami ya fi Al Gore da ƙuri'a 537 kacal, alhali Ralph Nader na Green ya samu sama da 97,000 a jihar. Tun daga ranar 'yan Democrat ke kallon Green da jan ido.

Ni dai abin da na tsaya a kai, na kuma faɗa musu, shi ne laifin ba na Baffa ba ne, ba kuma na mutanen Dearborn ba. Dokar ƙirga ce. Inda zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawa ya kwashe, mai jefa ƙuri'a ba ya tambayar kansa wa nake so, sai wa nake tsoro. Ya bar wanda yake so ya bi wanda zai iya tare wanda yake tsoro, da babu gara ba daɗi. Masu kuɗi ma haka, ba sa zuba dukiya inda ba za a ci ba. Wani masani Bafaranshe, Maurice Duverger, ya bayyana wannan tun shekarun 1950, ya ce irin wannan tsari jam'iyyu biyu yake haifarwa. Su kuma manyan biyun a Amurka sun ƙara ɗaure ƙofa. Kowace jiha da nata sharaɗin kafin sunanka ya hau takardar zaɓe, wasu sai ka tara sa hannun dubban mutane. Muhawarar talabijin kuwa tun 2000 aka sa ƙa'idar sai kana da kashi 15 a jin ra'ayin jama'a, alhali muhawarar ce ke sa a san ka. Hatta Theodore Roosevelt, tsohon shugaban ƙasa sukutum, da ya kafa tasa jam'iyyar a 1912 na biyu ya zo da wakilai 88, ya raba ƙuri'un tsohuwar jam'iyyarsa, Woodrow Wilson ya wuce.

Ƙanena ya ce to ai mu nan ba biyu gare mu ba, ɗaya ce. Gaskiya ne, kuma dalilan wannan sun wuce dokar ƙirga, kowa ya san su. Amma zagaye ɗayan nan yana cikin abin da ke riƙe da ita. A Faransa, inda ake zagaye biyu, mutum na iya zaɓar wanda ransa ke so a karon farko, ya yi lissafi a na biyu. Haka Macron ya ratsa a 2017, manyan jam'iyyu biyu na da babu wadda ta kai zagaye na biyu. Chadi ma zagaye biyu ne a doka, sai dai a watan Mayun bana aka ce Mahamat Déby ya ci kashi 61 tun karon farko, don haka doka kaɗai ba ta isa ba. Najeriya a 2023 ta nuna wani salon: Atiku da Obi kowa da miliyan shida da ɗoriya, Kwankwaso ya riƙe Kano, Tinubu ya shiga fada da ƙasa da kashi 37.

Inda muka rabu da Baffa shi ne abin da ya biyo baya. Shi a wurinsa ƙuri'arsa ta yi aiki, don ta nuna wa gwamnati a Yawunde cewa Arewa na da nauyi. Ya tuna mini cewa a zaɓen majalisa na Maris 1992 UNDP ta ci kujeru 68 cikin 180, RDPC 88, har sai da ta nemi kujeru 6 na MDR ta Dakolé Daïssala kafin ta samu rinjaye. Na ce haka ne, amma a 1997 Bello ya shiga gwamnati, har zuwa wannan shekara ta 2024 yana ciki yana ministan yawon buɗe ido. Perot ko ba komai ya tilasta wa manyan biyun maganar giɓin kasafin kuɗi, har aka daidaita shi a 1998. Mutanen da suka ba Bello kashi 19, me aka karɓo musu? Baffa ya ɗan yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce in je in tambayi Bello.

Aka kira magariba muka tashi. A hanyar masallaci na gano ƙanena, mai yi wa mutanen Michigan lissafin asara, ko katin zaɓe ba shi da shi, ga zaɓen shugaban ƙasa na tafe a baɗi. Ya ce da an buɗe rajista a watan Janairu zai je. Baffa kuwa ya ce in Bello ya fito, shi zai sake ba.