Fankokin da sunka iso bayan zafi ya wuce

Shekara huɗu kenan ina aiki wurin wani alhaji nan Yamai kusa da kasuwar Katako, muna saida fanka mai caji da fitilar sola. Mu ba mu ƙera komi, wani kamfani ne can Shenzhen ta ƙasar Sin ke haɗa muna kayan ya buga sunanmu bisa kwali, kamar dai yadda Foxconn ke haɗa ma Apple iPhone, sai dai mu namu na talakawa ne. Ni ke riƙe da komandi, wato odar kaya.

A watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, duk abin da ke shago ya ƙare tas. Alhaji ya ce "yaro, zafi mai zuwa kada ya iske mu hannu banza". Na ce in sha Allah Alhaji. Amma wallahi sai tsakiyar Disamba na tura kafin alƙalami, kashi 30, don mutumin kamfanin ya rubuto mani ta manhajar saƙo ta WeChat kwana 35 an gama, ni ko na ƙirga da yatsu na ga ai da sauran lokaci.

Ashe kwana 35 ɗin nan ba daga ranar biya ake ƙirgawa ba, sai ranar da kayan haɗi sunka cika gaban ma'aikata. Su ma ba su ke yin batir ba, wani kamfani ne daban, moto daban, ɗan allon da ke kula da caji shi ma daban, kuma shi ɗin nan da bai kai tafin hannu ba shi ya tsaida fanka dubu biyu sati ukku. Yana isowa sai ga sabuwar shekarar Sin, 10 ga Fabrairu 2024, kowa ya tafi ƙauyensu, ko amsa saƙo babu. Na ce to mu ɗauko ko kaɗan ta jirgin sama, aka ce batirin litiyom na da takardunshi da tsadarshi, riba ba ta fita.

Sauran labarin kun san shi. Gadar Gaya da ke iyakarmu da Benin rufe, tashar jirgin ruwan Kwatano babu hanya, kwantena ta sauka Lome, kamyo ya bi ta Burkina ya zauna jiran rakiyar soja kafin Tera. Ranar da munka sauke kaya hadari ne a sama, an riga an yi shuka. Alhaji bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, ni da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Yanzu daga baya nike fara lissafi, in sa 1 ga Maris, farkon zafi, in riƙa ja da baya, duwan (kwastan), hanya, teku, hutun Sinawa, sai in ga komandi dole ya tafi tun Satumba. Kuma kafin in tura ko dala sai na tambaye su, batir da allon cajin suna hannunku ko ku ma jira kuke? In sun ce suna nan, a ɗauko mani hoto da kwanan wata.