"Medikal na me?": darasin da tagar ɗakin kati ke koyarwa

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin kati na babban asibiti a Gombe ko Bauchi ya san wannan safiyar. Mutum ya miƙo ambulan mai ruwan ƙasa ta taga, ya ce, "Malam, medikal na zo." Idan aka karɓi kuɗinsa ba a ce masa "Medikal na me, Alhaji?" ba, yana iya wuni a layin da ba nasa ba.

Matsalar daga harshe ta faro. A Turanci kalmar sifa ce, tana jingina da suna a gabanta, ma'anarta kuwa "abin da ya shafi aikin likita". Mu da muka aro ta sai muka jefar da sunan muka riƙe sifar, kamar wanda ya shiga kasuwa ya ce a ba shi "ja" bai faɗi jan mene ne ba. Turawan Ingila ma sukan guntule ta, amma da nufin abu ɗaya, wato duba lafiyar jiki. A bakinmu kuwa ta ɗauki kaya da yawa.

Mafi yawan masu cewa sun zo medikal takardar shaidar ƙoshin lafiya suke nema, don shiga makaranta, kama aiki, bautar ƙasa ko aikin ɗamara. Matakanta sanannu ne: a buɗe kati, a biya kuɗi a karɓi rasit, a auna tsayi da nauyi da hawan jini, a duba gani, sannan a wuce ɗakin gwaji. Can akan auna yawan jini, rukunin jini, jinotayif, ciwon hanta nau'in B da fitsari, wani wurin a ƙara hoton ƙirji. Gwajin HIV sai da sanin mai jini da yardarsa. Daga ƙarshe likita ya duba mutum da sakamakon, ya sa hannu, a buga hatimin asibiti.

A nan ake yawan tuntuɓe. Wanda ya taho da sauri cikin rana aka ɗaura masa awo nan take, jininsa na iya haura 140/90 alhali lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ake zaunar da shi minti 5 tukuna, kuma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Mace mai al'ada idan ta ba da fitsari, jini zai fito a sakamako, gara ta jira ta yi tsarki. Mai juna biyu ta faɗa kafin a kai ta ɗakin hoto. Idan an haɗa da gwajin suga na safe, sai mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba, kofin shayi ɗaya ya isa ya ɓata shi. Sai kuma suna: takardar kiran bautar ƙasa ta ce Muhammad, ta asibiti ta ce Mohammed, a tsayar da yaro a ƙofar sansani. Hukumar bautar ƙasa kuma takardar asibitin gwamnati ko na soja take karɓa. Muna yawan nanata wa iyaye cewa jinotayif AS, wato ɗaukar gadon sikila daga ɓangare ɗaya na iyaye, ba ciwo ba ne, ba ya hana karatu ko aiki, amfanin saninsa yana wajen zaɓen abokin aure.

Maniyyata nasu medikal ɗin daban ne. Akwai allurar sanƙarau, wadda ake so a yi aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya, da katin rigakafin shawara, da gwajin ciki ga mata.

Medikal rifot wani abu ne can. Shi bayani ne kan ciwon da mutum ke fama da shi: yaushe ya fara zuwa, me aka gano, wane magani aka ba shi, yaya yake yanzu. Likitan da ke duba shi ne ke rubutawa daga abin da ke cikin fayil, don wurin aiki, ko kotu, ko neman taimako, ko tura shi wani asibiti. Saboda haka wanda bai taɓa jinya a asibiti ba, babu abin da za a rubuta masa a can, komai roƙo. Mai amfani da katin ɗan'uwansa shi ma ya jawo wa kansa, domin rukunin jinin wani da magungunan da jikin wani ba ya so su ne za su bayyana da sunan da ba nasa ba. A ganinmu wannan ɗabi'ar ta fi ɓatar da kati haɗari.

Mai zuwa dubiya idan ya ce "yana medikal", ɗakin kwanciya yake nufi, inda ake jinyar manya da magani ba da wuƙa ba: ciwon suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ƙoda, hanta. Mai karaya ko gwaiwa yana ɓangaren tiyata. Yara da masu haihuwa kowa da nasa ɗakin. A tambayi mai dubiya, "Hajiya, aiki aka yi masa ko kuwa?" nan da nan sai a gane inda za a nuna mata.

Wanda ya fi damunmu shi ne gilashin medikal. Da an wuce shekara 40 ƙananan rubutu kan fara dishi-dishi, mutum ya riƙa nisanta Alƙur'ani ko waya daga fuskarsa. Sai ya tsaya wurin mai tebur a kasuwa, ya gwada mai lamba +1.00, ya gwada +2.00, wanda ya fi haska masa rubutun jarida ya saya, ya ce ya samu medikal. Wataƙila ya taimake shi karatu. Sai dai lambar idon dama ba lalle ta zo ɗaya da ta hagu ba, kuma babu wanda ya auna ƙarfin ruwan idonsa. Hawan jinin ido yakan ci gani daga gefe a hankali, yawanci ba ciwo ba ja, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Gilashi ba ya zama na asibiti sai an auna kowane ido daban, an leƙa cikinsa, an rubuta lamba. Mai ciwon suga kuwa duban ido sau ɗaya a shekara ya kama shi, ko da yana gani garau.

Ɗalibai ma suna da nasu. "Ɗana yana karanta medikal" na iya nufin likitanci, shekara 6 da ƙarin shekara guda ta horon aiki a asibiti, ko kimiyyar ɗakin gwaji mai shekara 5, ko ilimin sassan jiki mai shekara 4. Dukansu karatu ne mai daraja, amma na farkon kaɗai ke kai mutum ga lasisin likita. Uban da yaronsa ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardar ya karanta cikakken sunan kwas ɗin tun ranar farko, kafin 'yan unguwa su fara kiran yaron Dakta.