Tulun Zumuntar Mata

Lahadi. Tun asuba babu wuta, da dutsen guga na gawayi na goge ankona, Auta kuma ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, mun dai isa coci ana waƙar farko.

Abin da ya tsaya min a rai ɗan ƙarami ne fa. Tulun da muke kaɗawa a Zumuntar Mata na gani an jingine shi a bayan ofishin Fasto, bakinsa ya tsage, har wani ya cusa tsintsiya a ciki. Yanzu sai kibod da jita da lasifika, waƙa ma a bango ake haska ta, da ƙyar ka ga mai riƙe da Littafin Waƙoƙi. Ina tsaye ina motsa baki amma zuciyata tana Wusasa, cikin tsohon cocin ƙasa da aka gina a 1929, ko rana ta take tsaka ka shiga sai sanyi, ga Baba a gefena da Littafi Mai Tsarki nasa tsohuwar fassarar 1932 ta su ɗan mishan Likita Mila, bangon duk ya saɓule ya ɗaure shi da ƙyalle. In Kirsimeti ta zo mu yara mu ne masu kai shinkafa gidajen maƙwabta Musulmi, da Babbar Sallah su ma su aiko da nama. Hawaye ya so ya zubo min ana tsakar karɓar baiko.

Da aka tashi na biya gidan Mama, na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Bayan gaisuwa na ce, "Mama, ibada irin ta dā kam ta tafi."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "'Yar nan, ke waƙar kika riƙe, don lokacin kina yarinya. Mu da muka yi ta da ƙafa zuwa ƙauyuka wa'azi, muka kwana a ƙasa a asibitin mishan muna jinyar wadda ba danginmu ba, mu muka san dā. Kuma har gaba da juna mata sun yi a lokacin, kar wani ya ruɗe ki." Sai ta hure ɓawon gyaɗar daga faifai ta ce, "Ran Alhamis da aka je gaida baiwar Allahn nan da mijinta ya rasu, ina kike?"

Na ce aiki ne ya riƙe ni, ga kuɗin Keke ya hau. Gaskiya ce, amma da nake faɗa ni kaina na ji maganar ba ta da nauyi.

Ba ta ƙara komai ba, Auta ta kira ta ce ya buɗe mata Mai-Wa'azi 7:10 a Littafi Mai Tsarki. A wayata ya buɗe. Wurin da aka ce kada mutum ya riƙa tambaya me ya sa kwanakin dā suka fi na yanzu, domin ba hikima ce ke kawo tambayar ba. Yaron yana karantawa yana tuntuɓe a Hausar, Mama tana gyara masa da ka.

Har yanzu abin yana cina. Kewar nan ba ƙarya ba ce, ina kewar Baba, ina kewar ƙarar tulun nan da ke ratsa ƙirji. Amma matar nan layi uku ne tsakaninmu, sati biyu ke nan da rasuwar, ban taka ƙofarta ba.

Tuwo da miyar kuka da dare. Wuta ta zo wajen tara, ta koma.

Na auna mudu biyu na shinkafa na ajiye a bakin ƙofa don kar in manta, gobe in na taso aiki gidan matar nan zan fara zuwa. Na kuma tura wa Mama Fasto saƙo ko za a bar ni in ɗauko tulun in kawo gida, ba ta amsa ba tukuna.