Yadda muka shirya da mutanen unguwa bayan rigimar famfo

Ni ɗan Funtuwa ne, karatu ya kawo ni Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma da na shiga aji biyu sai muka haɗa kuɗi da wani abokina muka kama ɗaki a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da makarantar, can wajen Dundaye. Gida ne mai ɗaki takwas, duk ɗalibai. Mai gidan dattijo ne manomin albasa a fadamar Rima, katanga ɗaya ce ta raba mu da shi.

Gaskiya wata shida na farko zaman 'yan marina muka yi da mutanen wurin, kowa da inda ya sa gaba. Mu fita lakca da safe mu dawo da dare, mu wuce majalisar dattawa da abin jin sauti a kunne ko ɗaga hannu babu, wasunmu da gajeren wando za su je shago, in an kawo wuta ƙarfe goma sha ɗaya na dare kuwa sai sifika ta tashi. Babu wanda ya taɓa ce mana uffan, mu kuma muka ɗauka shirun nan yarda ce. Ashe tarawa ake yi.

A watan Afrilu abin ya fashe, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ga jarabawa ta matso. Bohol ɗaya ne a gaban masallaci, yara ne ke ɗebo wa iyayensu mata ruwa tunda su suna cikin gida. Mu kuma mu zo da jarkoki masu lita 25, kowa uku ko huɗu, mu ce muna da lakca ƙarfe takwas a bari mu fara. Ran nan wani a cikinmu ya ture bokitin wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, bokitin ya tsage, ta zauna a ƙasa tana kuka tana tattara takalmanta cikin laka. Ina tsaye a wurin, kuma ban ce komai ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Washegari muka tarar da kwaɗo a jikin famfon. Mai shago ya rufe littafin bashi, mai shayi ya miƙo kofi bai kalle mu ba.

Bayan Magariba na je zauren mai gidanmu na durƙusa na gaishe shi, sai na yi kuskure na biyu, na ce Baba a faɗa mana ko nawa ne mu riƙa biya duk wata a buɗe mana ruwa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, ba kuɗɗinku muka so ba. Wata shidda kuna gidanga, ko sunan mahaihinka ban sani ba. In ka kwanta ciwo, wa za ni kira?" Wallahi na rasa amsa.

Daren nan ya ba ni labarin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Ya ce lokacin da aka kafa jami'ar a 1975 yana saurayi, su aka tarar a wurin da gonakinsu da makabartarsu. Ya tuna mini ambaliyar 2010 da ta cinye gadar da ta haɗa makarantar da gari, ya ce mutanen ƙauyukan nan ne suka yi ta tsallakar da ɗalibai da malamai a kwalekwale alhali su ma gonakinsu na ƙarƙashin ruwa. Mu shekara huɗu ko biyar muke yi mu ɗauki jaka mu tafi, su kuwa nan za a binne su, don haka duk ɗabi'ar da muka bari a layi 'ya'yansu ne za su tashi da ita.

Shi ya kai ni wurin liman da mai unguwa, amma sai da na fara tattara 'yan gidanmu, kuma nan ne aikin ya fi wuya, don wasu cewa suke ai mun biya haya babu wanda zai kafa mana doka. Mutum biyar suka bi ni. Wanda ya ture bokitin ya sayi sabo ya kai da kansa ya ba mahaifin yarinyar haƙuri a ƙofar gida. Aka tsayar cewa ɗalibai za su riƙa ɗibar ruwa bayan Isha'i ko kafin Asuba, za mu sa hannu a kuɗin man janareta kamar kowane magidanci, sauti kuma a kashe ƙarfe goma. Mu muka ƙara da cewa Asabar da Lahadi bayan La'asar za mu koya wa yara lissafi da Turanci a ƙarƙashin dogonyaron masallaci. Da yara bakwai muka fara, allonmu wani guntun katako da muka shafa wa baƙin fenti.

Ba wai mutanen unguwa ba su da nasu ba ne. Akwai masu ƙara kuɗin haya duk shekara ba su gyara ko ƙyaure ba, akwai ɗan kabu-kabun da in ya ga jaka a bayanka kuɗi ya canza, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake zargin ɗalibai mata, yarinya ta dawo daga karatun dare a gajiye a bi ta da maganganu. Amma na lura maganar nan ba ta shiga kunnen kowa sai daga bakin wanda aka saba gani a sahun sallah da wurin jana'iza. Sai da na yi wata uku ina zama a majalisa sannan na iya ɗaga ta, kuma liman ya yi magana a kai bayan sallar Asuba.

Da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tafi yajin aiki a Fabrairun 2022 na kulle ɗaki na tafi gida da tunanin sati huɗu ne, sai ga shi an kai wata takwas. Da na dawo a Oktoba unguwar ta yi tsit, mai shayi ya koma gona, mai wanki ya tafi ci-rani. Na buɗe ɗakinmu na ga wayam, gabana ya faɗi. Sai ga jikan Baba a guje, wai in zo ana kira. Ashe rufin ne ya yi yoyo da damina, Baba ya sa aka ɓalle kwaɗon aka kwashe katifa da littattafaina aka kai ɗakin da yake ajiye irin albasa, an ɗora su a kan benci an lulluɓe da leda. Takardun duk sun ɗauki warin albasa, amma ko ɗaya bai jiƙe ba. Ya miƙo mini sabon makulli ya ce, "Ka kira mahaihinka ka hwaɗa mashi ka iso lahiya, sannan ka ba ni mu gaisa."