Kowane kaki da mai ba shi umurni

Aikin rubuta wa mutane takardun ƙara a Tawa ya koya mini cewa talaka yakan yi asarar haƙƙinsa tun a bakin ƙofa, don bai san ta wa zai buga ba. A idon mutumin ƙauye duk mai kaki soja ne, alhali kowane rukuni da uban gidansa.

Rundunar sojojin Nijar, wadda aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961, tana da sojan ƙasa da sojan sama, ba ta da na ruwa tunda ba mu da teku. Su da jandarmomi suna ƙarƙashin ministan tsaron ƙasa. 'Yan sanda kuwa da gardi, ministan cikin gida ke riƙe da su. Gardin nan da muke gani a ƙofar gidan kaso da gidan perefe sun samu sunansu na yanzu, wato Garde Nationale, a 2010, kafin nan FNIS ake ce musu, rundunar kai ɗauki da tsaro ta ƙasa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne jandarma. Soja ne cikakke, da horonsa da galarsa, amma in ya zauna ɗaukar bayanin sata ko rikicin gona, mai gabatar da ƙara na kotu yake yi wa aiki, can takardar za ta ƙare. Wani dattijo makiyayi ya taɓa zuwa wurina, ya kwance ƙullin rawaninsa ya fito da wata takarda da ta yi laushi don naɗi. Shanunsa aka kora, ya yi ta zarya bakin barikin soja ba a saurare shi ba. Na ce, "Baba, ba ƙin ka suka yi ba, wannan ba huruminsu ba ne." Na rubuta masa ƙara zuwa birgad ɗin jandarman yankinsu, ranar aka ɗauki bayaninsa.

Wannan rabon aiki ina ganin alherinsa ƙwarai, don wanda aka horar ya yi yaƙi bai kamata ya zama shi ke binciken ɓarawon akuya ba. Sojan da ke Tawa na shiyyar tsaro ta 4 ne, kamar yadda Agadas take ta 2, Damagaram ta 3, kuma umurninsa daga kwamandan shiyya yake zuwa, shi kuma daga hafsan hafsoshi a Yamai. Shi ya sa in koke ya shafi soja, kwamandan nake sa a kan takardar, gwamna a aika masa kwafi.