Rukunan Borel: abin da na koya a Dahran

A darasin ilimin awo (reshen lissafi da ke auna girman rukunai) da muka ɗauka a Jami'ar Sarki Fahd da ke Dahran, ma'anar sigma-aljebra ba ta ba kowa wahala ba. Gungu ne na rukunai (rukuni shi ne tarin abubuwa, a nan tarin lambobi): in rukuni yana ciki, abin da ya rage a wajensa ma yana ciki, in kuma ka haɗe rukunan gungun masu adadin da ke ƙirguwa (wato za a iya jera su na ɗaya, na biyu, na uku, ko da jerin ba shi da ƙarshe), ba ka fita daga gungun ba. Rigimar tana farawa ne da an ce a nemo mafi ƙanƙantar gungu irin wannan da ya ƙunshi duk buɗaɗɗun rukunan layin lambobi, wato irin lambobin da ke tsakanin 0 da 1 ban da 0 da 1 ɗin kansu, da haɗe-haɗen irinsu. Waɗannan su ne rukunan Borel, da sunan Bafaranshen da ya aza harsashinsu a 1898.

Muna bita bayan isha'i, wani ƙane daga Zariya ya ce da ni, "Yaya, in muka fara da buɗaɗɗu, muka yi ta haɗewa muna ɗaukar abin da ya rage a waje, hawa nawa za mu yi su ƙare?" Tambaya ce ta mai hankali, amsar ce ba daɗi: hawa masu ƙirguwa, komai yawansu, ba sa kai ka ƙarshe.

Don haka ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. In kana so ka tabbatar kowane rukunin Borel yana da wata siffa, sai ka tara duk rukunan da ke da ita, ka nuna tarin nan shi kansa sigma-aljebra ne, ka nuna buɗaɗɗu suna ciki. Shi ke nan, tunda na Borel ne mafi ƙanƙanta, dole ya shige. Ba ka ga ko rabinsu ba, amma hujja ta kama kowa. A ganina wannan dabara ta fi rabin littafin amfani, kuma ita na fi ɗauka zuwa ilimin yiwuwa.

Amma a yi hattara da abin da ya yi kama da "a bayyane yake". Lebesgue kansa, babban masanin ilimin awo, ya rubuta a 1905 cewa in rukunin Borel na shimfiɗaɗɗen fili ya jefa inuwa kan layi, inuwar ma ta Borel ce. Sai a 1917 Suslin, ɗalibin masanin lissafi Luzin a Mosko, ya buga aikin da ya nuna ba haka ba ne, kuma daga gyaran nan aka samu sabon jinsin rukunai da ya fi na Borel faɗi.